Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Magana Kan Cikar Kwamfuta a Lokacin Furojet

Lokacin furojet ya kama, kowa ya sani. Ka shiga hostal bayan sallar isha'i ka gani: duk soket ɗin da ke aiki an jona masa waya huɗu da laftof biyu, masu babi na uku suna yi wa masu babi na biyar kallon hassada, kuma ba za ka wuce ɗaki uku ba sai ka ji wani ya ja tsaki ya ce, "Kai, sistem ɗin nan ya cika." A kan wannan tsakin nake so mu yi magana, domin ni ma na ja shi, kuma abin da na aikata bayansa saura ƙiris ya ƙara wa mutum biyar shekara guda a makarantar nan.

Mu biyar aka haɗa rukuni ɗaya a ND II, sashen lantarki, aka ba mu haɗa inbata mai ƙarfin 1kVA. Ni kaɗai ke da laftof a cikinmu, wata tsohuwa tokumbo da yayana ya bar mini, saboda haka komai a wurina yake: rubutun babi-babi, zanen sakit, hotunan da muka ɗauka muna naɗa taransifoma, da teburin Excel na gwajin lodi da muka yi kwana biyu muna cikawa.

Wani daren Laraba, saura kwana biyar mu kai wa Malam kwafin ƙarshe, ina gyara babi na huɗu. Na danna Ctrl da S, sai Word ya ce ba zai iya ajiyewa ba, babu wuri. Na buɗe This PC, layin C ya yi ja wur, abin da ya rage bai kai girman hoto biyu ba. Daidai nan aka ɗauke wuta, batirina kuwa in ya yi ƙoƙari minti ashirin yake yi. Na rikice. Na koma Desktop na fara zaɓar duk foldar da ba ta da suna mai ma'ana: New folder, New folder (2), "kaya", "sabo sabo". Na danna Shift da Delete, domin na san in ba haka ba kwandon shara za su tafi, wuri ba zai samu ba. Wuri ya samu, babin ya ajiyu, na kwanta ina jin kaina gwani. Da asuba da wuta ta dawo, tunda yanzu akwai fili, har na karɓi sababbin fitowa uku na wani fim mai dogon zango daga abokin ɗakina.

Da hantsi wata 'yar rukuninmu ta ce in turo mata teburin gwaji za ta zana giraf. Na yi ta nema har azahar. A cikin New folder (2) yake, shi da hotunan duka.

Wani abokina ɗan sashen kwamfuta na kira, ya ce, "Kashe ta yanzun nan, kar ka ƙara sa komai a ciki." Shi ya tuna mini cewa a had-dis mai faifai, in an goge fayil ba a share shi nan take, alama kawai ake yi wa wurinsa cewa babu kowa, yana nan har sai an rubuta wani abu a kansa. Ya zo da manhajar Recuva a filash muka gwada. Amma finafinan asubar nan sun riga sun hau kan yawancin wurin. Hoto goma sha ɗaya muka ceto cikin kusan sittin, teburin kuma ya dawo amma ya ƙi buɗuwa. Sai da muka sake aron batir, muka sake kwana biyu muna gwaji daga farko. Hotunan naɗin taransifoma kuwa sun tafi ke nan, tunda an riga an shafe shi da banish an rufe a akwatinsa. Da na je ba Malam haƙuri bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "To ina kwafi na biyu?" Na yi shiru. Ya ƙara mana kwana uku, Allah Ya saka masa da alheri.

Abin kunyar shi ne duk wannan na san shi. A sashen kwamfuta na wani ofis na yi SIWES ɗina, wata huɗu ina taya wasu share nasu injinan. Sani na da shi, ɗabi'ar ce babu. Shi ya sa nake ganin maganar ta fi ƙarfin a ce "ga maɓallin da za ka danna". Ra'ayina a taƙaice: kwamfutar ɗalibi ba ta cika da karatu, kuma ba cikar ce ke halaka aiki ba, gogewar firgici ce. Wanda ya kiyaye tsarin abin da ake fara yi da abin da ake bari ƙarshe, zai sami wuri ba tare da ya rasa ko shafi ɗaya ba.

Me ya cika ta?

Bayan ƙura ta lafa na zauna na auna had-dis ɗina. Giga 500 aka rubuta a jikinsa, Windows yana nuna 465. Af, kafin wani ya je ya kama mai shago da faɗa: ba cutar ka aka yi ba. Masu ƙera had-dis suna lissafin giga ɗaya a matsayin bait biliyan ɗaya cif, shi kuma Windows da 1024 yake ninkawa a kowane mataki, shi ya sa 500 ke komawa 465, 256 kuma ta koma 238.

Ga abin da na tarar. Finafinai, na Hausa da fassarar Indiya da na Koriya da na Turkiyya, giga 210, kuma wallahi fiye da rabi na riga na kalla. Kayan waya da na juye a lokuta daban-daban, giga 62, ashe abu ɗaya ne na kwafa sau uku. Wasannin ƙwallo biyu, giga 45, ɗaya ma ba ya tashi a injina. Foldar Downloads, giga 38. Kwandon shara da ban taɓa zubarwa ba, giga 19. Tarkacen da Windows ke bari bayan sabuntawa, giga 14. Shi kansa Windows da manhajojin aiki, wajen giga 70. Karatuna fa? Duk abin da na tara na shekara biyu, da handawut da asamen da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, bai cika giga 2 ba. Foldar rubutun furojet ɗinmu mega 41 ce.

Ka duba fa. Abin da ya kawo ni makarantar, abin da mahaifina ke biyan kuɗi dominsa, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na rumbun ba, kuma shi ne kaɗai ba shi da kwafi a ko'ina. Fim ɗin da ke cikin laftof ashirin a hostal ɗinmu shi nake gadi.

Had-dis na farko da aka fitar kasuwa, kamfanin IBM ne ya yi shi a 1956. Faifai hamsin ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, nauyinsa wajen tan guda, kuma haruffa miliyan 5 yake ɗauka. Foldar furojet ɗinmu kaɗai sai ta cinye irinsa kusan goma. Tsohuwar laftof ɗin da nake rainawa ta ninka shi wajen sau dubu ɗari. Malamanmu da yawa a kan fulofi mai mega 1.44 suka yi nasu furojet ɗin suka gama lafiya. In muka ce wuri ne ya yi mana kaɗan, ba mu yi wa kanmu adalci ba.

Kuma cikar ba ta zuwa ba sallama. Layin nan na C yana komawa ja ne tun lokacin da abin da ya rage ya gaza kashi goma cikin ɗari. A injina, tun saura giga 46 ke nan. Wata biyu na yi ina kallon jan layin nan kullum ina cewa sai an yi hutu. Alhali kwamfuta tana bukatar filin numfashi: Word kan rubuta fayil na wucin gadi kafin ya ajiye na ainihi, Windows yana aron wani sashe na had-dis in RAM ya cika, sabuntawa ma sai da fili. Shi ya sa injin da ya cika yake nauyi, yake maƙalewa, kafin ranar da zai ƙi ajiye maka aiki gaba ɗaya.

Tsarin da nake ba da shawara

Abu na farko, kuma in ka manta da duk sauran ka riƙe wannan: kar ka goge komai sai ka fitar da abin da ba a sayarwa a kasuwa. Ka tambayi kanka, in injin nan ya faɗa ruwa yau, mene ne kuɗi ba zai dawo mini da shi ba? Furojet, sakamakon gwaji, hotunan aiki, takardun shaida da ka yi sikanin, hotunan gida. Masana suna cewa kwafi uku, a irin ma'aji biyu, ɗaya a wani wuri daban. A wurin ɗalibi wannan yana nufin ɗaya a laftof, ɗaya a filash, ɗaya a intanet. Duk mai Gmail yana da giga 15 kyauta da yake rabawa tsakanin wasiƙu da Google Drive da hotuna. OneDrive yana ba da giga 5. Tura babi ɗaya na Word zuwa imel ɗinka bai kai datar da kake ƙonawa a minti biyu na TikTok ba. In kuma rukuni ne, kowane ɗan rukuni ya riƙe kwafi a wayarsa. Mu biyar ne, wayoyi biyar, amma babu wanda ya ce a turo masa, ni ma ban tura ba.

Gargaɗi biyu a nan. Wasu masu gyara kan raba had-dis gida biyu, C da D. Wanda ya kwafe aiki daga C zuwa D ya sama wa C wuri, wannan gaskiya ne, kuma sau da yawa za ka ga C ya cika maƙil D yana zaune wayam. Amma a mafi yawan laftof ɗinmu faifai ɗaya ne aka tsaga. In ya mutu, duka biyun sun tafi. Sai filash. Akwai na jabu da ke nuna giga 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, yana karɓar kaya yana lalata su a ɓoye. Akwai bairos ɗin da ake kwasowa a shagunan buga takardu, mai ɓoye folda ya bar maka gajerar hanya a madadinta. Sannan abin da ka goge daga filash ba ya zuwa kwandon shara, tafiya yake kai tsaye. Don haka bayan ka kwafa, ka buɗe fayil ɗin daga cikin filash ɗin ka tabbatar yana buɗuwa.

Abu na biyu, ka auna kafin ka yanka. A Windows 10 da 11, ka shiga Settings, sai System, sai Storage, zai nuna maka abin da manhajoji suka ci, da na wucin gadi, da bidiyo. In kana son gani dalla-dalla akwai ƙananan manhajoji na kyauta irin su WinDirStat da TreeSize Free, masu jera folda daga babba zuwa ƙarama. Da na yi haka a daren Larabar nan, da na ga goge fim ɗaya tak da na riga na kalla ya ishe ni ajiye babi na huɗu sau ɗari. Mutum a firgice yana goge abin da idonsa ya fara gani, ba abin da ya fi girma ba, kuma abin da ke Desktop galibi shi ne aikin da kake kai.

Abu na uku, ka fara da sharar da ba ta da mai ita. Ka buɗe Recycle Bin ka leƙa tukuna, sannan ka zubar. Har yanzu akwai waɗanda ba su san abin da ke cikinsa yana nan yana cin wuri ba. Sai Disk Cleanup, wanda ke cikin Windows tun da daɗewa: ka rubuta sunansa a wurin nema, ka zaɓi C, ka danna inda aka ce a share fayilolin sistem. A nan za ka ga ragowar sabuntawar Windows, da fayilolin wucin gadi, wani lokaci da Windows.old, wato tsohon Windows da ake ajiyewa bayan an ɗaga injin zuwa sabo ko da za ka so komawa. Shi kaɗai yakan ci giga masu yawa, kuma ka'ida bayan kwana goma Windows ke cire shi da kansa. In sabon yana maka aiki lafiya, ba ka bukatarsa. Ka kunna Storage Sense ya riƙa yin sharar nan lokaci-lokaci. Amma ka buɗe ido: a jerin fayilolin wucin gadi na Settings akwai akwatin Downloads. Kar ka sa masa alama, kar kuma ka ba Storage Sense izinin taɓa shi, domin da yawanmu a nan handawut da fom ɗin rajista da rasiɗin kuɗin makaranta suke kwance.

Abu na huɗu, kayanka na kanka, kuma wannan da rana ake yi, da wuta, da natsuwa. Ka jera Downloads bisa girma. Za ka ga fayilolin girka manhaja da ka riga ka girka, da PDF ɗaya da ka sauke sau huɗu. Ka haɗa kwafe-kwafen waya wuri ɗaya ka cire maimaici, musamman bidiyon WhatsApp na gurup-gurup da ba ka taɓa buɗewa ba. Manhajar da ka yi amfani da ita zango ɗaya a ND I ka cire ta ta hanyar Apps a Settings, ba ka je ka goge foldarta da hannu ba, don hakan na barin saiwoyi a ciki. Duk foldar da ba ka tuna abin da ke cikinta ba, buɗe ta. Kuma ka daina Shift da Delete. Ka tura kwandon shara, ka bar shi ya kwana, gobe ka leƙa ka zubar. Masu sababbin laftof masu SSD su fi kowa kiyayewa, domin a SSD abin da aka goge galibi injin kan share wurinsa ba da jimawa ba, Recuva ma ba ta cika samun komai ba.

Abu na biyar, akwai inda ba a sa hannu. Foldar Windows, da System32, da WinSxS, da pagefile.sys, ka bar su ko da ka ga sun yi ƙiba. Na san wanda ya ga WinSxS ta yi girma ya shiga gogewa, washegari injin ya ƙi tashi, garin gyaran gira ya rasa ido. Akwai kuma hiberfil.sys da ake yawan ba da shawarar a kashe don a sami giga kaɗan. A ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa wataƙila shawara ce mai kyau. A nan kuwa, wannan fayil ɗin shi ne inda laftof ke zuba duk aikin da ka buɗe in batir ya zo gargara, ta kwanta, in wuta ta dawo ka ci gaba daga inda ka tsaya. Mai batirin minti ashirin irina bai kamata ya sayar da wannan a kan giga uku ko huɗu ba.

Magunguna uku da ba na yarda da su

Na ɗaya shi ne fomat. Ka kai injin da ya yi nauyi wurin wasu masu gyara, kafin ka gama bayani an ce, "Sai an yi mata fomatin, Oga." Ba na cewa duka haka suke, akwai masu amana da za su tambaye ka ko ka kwashe kayanka. Amma fomat ya fi sauƙi a wurin mai gyara, kuɗinsa kuma a bayyane yake, alhali zama a tantance tarkacen wani aiki ne mai cin lokaci. Wata 'yar ajinmu ta kai tata a zangon da ya wuce, aka ce an kwashe mata komai, ashe Documents kawai aka kwafa, rahoton SIWES ɗinta yana Desktop. Wanda ya ƙone ɗaki don ya huta da shara ya huta, amma har da katifarsa. In dole sai an yi, kai za ka kwashe kayanka da hannunka kafin ka fita daga hostal.

Na biyu, manhajojin da ke alkawarin share kwamfuta da ƙara mata gudu da dannawa ɗaya. Mafi kyawunsu abin da Disk Cleanup ke yi kyauta suke yi. Munanan kuwa talla suke cika maka, wasu da bairos a ciki, musamman waɗanda aka fasa ake yawo da su a filash. Babu manhajar da ta san New folder (2) taka shara ce ko furojet.

Na uku, sayen babban had-dis. In kana da hali ka sayi na waje, madalla, yana da amfani wajen ajiye kwafi. Amma wanda bai sauya hali ba, tera ɗaya ma zai cika ta kafin ya gama HND. Abokin ɗakina yana da tera ɗaya, nasa layin ma ja ne.

Na san abin da za a ce

Za a ce, "Malam, kai ba ka san tsadar data ba ne? Fim ɗin da na sha wahala na samu ka ce in goge?" Na sani, ni ma ɗalibi ne. Tara finafinan nan yana da dalili. Data tana da tsada, netwok yana wasa da hankali, wuta ba tabbas, kuma a daren da babu lakca babu kuɗin fita, fim ɗin nan shi ne hutun da muke da shi. Ba wa'azin a daina kallo nake yi ba, ba ni da bakin yin sa.

Amma mu yi lissafi na gaskiya. Fim ɗin da ka gama kalla, sau nawa ka koma masa? Ni na duba nawa, cikin giga 210 waɗanda na taɓa maimaitawa ba su fi biyar ba. In ma ka so shi gobe, yana wurin na kusa da gadonka, yana wurin masu turi a bakin get, da yawa daga cikin masu dogon zangon nan na Hausa ma masu su da kansu suke sa su a YouTube. Abu ne da ake samu ko'ina da ɗan canji. Teburin gwajinmu kuwa duk duniya kwafi ɗaya ne. Ka'idar da na sa wa kaina yanzu ita ce: wanda na kalla ya fita, sabo ba ya shiga sai tsoho ya ba shi wuri, kuma ba na barin abin da ya rage a C ya gaza giga 60.

Wani kuma zai ce shi ba shi da laftof, maganar ba ta shafe shi ba. Ta fi shafar ka, ɗan uwa. 'Yan rukunina huɗu ba su goge komai ba, ba su tara fim ko ɗaya ba, amma tare muka sha ranar sake gwaji, tare muka yi karo-karon kuɗin aron batir. In aikinka yana cikin injin wani, yau ɗin nan ka je ka ce ya turo maka kwafi. Ba rashin yarda ba ne.

Kira ga ƙungiya da malamanmu

Tunda mujallar ƙungiyarmu ce, bari in ajiye buƙata uku a gaban shugabanni. Ta farko, a farkon kowane zango na biyu, kafin furojet ya yi zafi, ƙungiya ta haɗa kai da ɗaliban sashen kwamfuta a ware Asabar ɗaya a wani zaure mai wuta, duk mai laftof ya kawo a taya shi kwashe aikinsa, a auna, a share, a nuna masa yadda zai yi da kansa. Ba ya bukatar kasafi mai yawa: zaure, janareta na awa biyar, da masu sa kai. Su ma 'yan kwamfuta aikin hannu ne suka samu. Mun ga an kashe abin da ya fi haka a kan kanofi da kujerun bikin da ba wanda ke tunawa da shi.

Ta biyu, ƙungiya ta nema mana a wurin hukumar makaranta a riƙa ba 'yan ajin ƙarshe wasu awanni na intanet a ɗakin karatu ko cibiyar kwamfuta, musamman don ɗora aikinsu a ma'ajin intanet.

Ta uku ga malamanmu masu duba furojet ce, cikin girmamawa. In Malam ya ce ba zai karɓi babi a takarda ba sai an fara turo masa ta imel, to ko ɗalibi ya so ko bai so ba, aikinsa ya sami kwafi a wajen injinsa. Tambayar da Malam ya yi mini bayan ɓarna ta auku, da a makon farko aka yi wa kowane rukuni ita, da an huta da kuka da yawa a ƙofar ofis.

Kai kuma mai karatu, kar ka jira ƙungiya. In ka ajiye mujallar nan, buɗe This PC ka dubi launin layin C. Ko shuɗi ne ko ja, fara da tura furojet ɗinka zuwa imel ɗinka, ka sa wa foldarsa suna na gaskiya da kwanan wata, sannan ka zauna ka auna. Awa ɗaya ya ishe ka. Ni a zama ɗaya na sami giga 190, kuma har yau ban nemi ko ɗaya daga cikin abin da na cire ba.

Mun yi difens ɗin gwaji a makon jiya, inbata ta tashi ta ɗauki fanka da ƙwai huɗu. A babi na uku, inda ya kamata a ga hotonmu muna naɗa taransifoma, zane ne na hannu, kuma duk wanda ya tambaya ni nake ba da amsa. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa da difens baki ɗaya, Ya sa mu fita da sakamako mai albarka. Amin.